Da Wa Za Ka Kalla?

Duk wanda ya zauna a unguwar Bani Malik ta Jidda zamanin da ake hayar kaset ɗin bidiyo ya san shagon Nasir. Ɗan tsukukun wuri ne tsakanin mai gasa burodi da wani tela. Sunan kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, shi ne a allon da ke saman ƙofa, amma ba wanda ya taɓa kiran wurin da wannan suna. Nasir ɗin, Allah ya karɓi abinsa a watan Rajab da ya wuce. Ni Bello, da muka haura shekara arba'in muna tare, na ga bai kamata labarinsa ya bi shi ƙasa ba, musamman abin da ya gudana tsakaninsa da 'yarsa ta fari, wadda saura ƙiris ta bar garin nan tana zaton ubanta ba ya ƙaunarta.

Nasir mutumin Mai Wurno ne, can bakin kogi a Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, hanya ta tsayar da su, suka yi gida suka yi gona. Shi ya ƙarasa musu tafiyar. Ya hau jirgin ruwa yana saurayi, ya sauke farali, Jidda ta riƙe shi. A kasuwar Bab Makka na fara ganinsa, muna jiran shagon yadi na wani ɗan Hadramaut. Baƙi ne dogo, mai wushirya. In abin dariya ya same shi sai ya nemi bango ya dafa, masu ciniki su tsaya suna dariyar dariyarsa ba tare da sun san abin da aka faɗa ba.

Da ya ɗan yi ƙarfi ya auri Mastura, ya buɗe shagon kaset. A lokacin babu silima a ƙasar nan ko ɗaya, kallo a gida ake yi. Ana gama sallar la'asar ranar Alhamis layin nan zai cika, kowa na neman abin da zai sa a gida bayan an ci abinci. Wasannin barkwanci na Masar sun fi tashe, sai na Sudan, daga baya kuma na Kano da alhazai ke zuwa da su a jaka.

Kaset ɗin da ke da lasisi ya riga ya bi ta hannun hukuma, an yanke abin yankewa. Amma Nasir yakan ce almakashi abin da ido ke gani yake yankewa, ba ya kama abin da harshe ya naɗe. Mai barkwanci kuwa da harshe yake aiki. Zai fito da rigarsa har ƙasa, ya saki magana ɗaya mai baki biyu, yaro ya ji ɗaya, babba ya ji ɗayar ya rasa inda zai sa kansa.

Saboda haka ba kaset ɗin da ke hawa kantarsa sai ya kalle shi tukuna. Da tsakar rana, in gari ya yi tsit don zafi, yakan ja ƙofa rabi, ya zauna gaban 'yar talabijin ɗinsa. Yana kallo yana kawo mutane a zuciyarsa yana zaunar da su kusa da shi. Ya zaunar da uba, ya ji ko wuyansa zai yi zafi. Ya zaunar da suruki. Ya zaunar da aboki. In ya gama sai ya san kantar da zai ɗora shi. Akwai na kowa, wanda za a sa a falo har da yara. Akwai na tsara. Akwai na taubasai, inda baki ke sakewa. Can sama kuma, inda sai an taka kujera, akwai na mata da miji.

Shi ya sa ba ya tambayar babba shekarunsa. In ka ce a ba ka mai ban dariya, sai ya dube ka ya ce, "Da wa za ka kalla?"

A ganinsa, kaka mai shekara saba'in da jikanta mai ashirin za su kalli abin da uba mai sittin da ɗansa mai arba'in ba za su iya ba, don tsakanin kaka da jika wasa ne, tsakanin uba da ɗa nauyi ne. Fim ɗaya ne, in ji shi, amma ɗakin da ya shiga ke mayar da shi magani ko guba.

Sau ɗaya na san wannan tambaya ta ba shi ƙasa. Akwai wani Salim, haifaffen Jidda, sabon ango, Hausarsa rabi Larabci. Ya shigo da sauri.

"Ya Nasir, ba ni mai dariya, mai dariya marra, sosai. Yau akwai baƙo."

"Da wa za ka kalla?"

"Da ammi."

Nasir ya san baffan Salim, ƙanin mahaifinsa, direban babbar mota ne mai bakin tsiya, kuma kaɗan ya girmi Salim ɗin. Sai ya miƙa hannu kantar tsara ya zaro masa mai zafi. Ya manta cewa a Larabcin garin nan uban matarka ma ammi ake ce masa.

Washegari Salim ya dawo ya dire kaset a kan tebur.

"Ka kashe ni, wallahi ka kashe ni! Uban Rahma ne! Uban matata!"

"Innalillahi. Ladanin nan na Madain Fahd?"

"Shi fa! Mai wasan ya fara maganar daren amarci, Rahma ta ruga kicin, ni na kafa wa kafet ido, tsoho ya ɗaga kai yana kallon sama."

"Ba ka kashe ba?"

"In tashi in kashe, ai na nuna na gane ke nan!"

"To me ya ce?"

"Ya ce, 'Ya waladi, fankar nan taku tana da kyau.' Ba mu da fanka, ya shekh! Mukayyif ne da mu, na'urar sanyaya ɗaki!"

Nasir ya dafa bango. Da ya dawo hayyacinsa ya rufe shago, ya je har Madain Fahd ya ba tsohon haƙuri da bakinsa, ya ce laifin nasa ne. Daga ranar, duk wanda ya ce masa ammi sai ya tare shi: "Na jini ko na aure?" Maganar ta bazu a unguwa, har mata suka ɗauka suna tsokanar juna da ita.

Mutumin da ya san nauyin kowa a gidan kowa, a nasa gidan abin ya zame masa ciwo. 'Yarsa ta fari Ihsan ce. Kamar yadda ya taso ya ga ana yi a Mai Wurno, bai taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" yake cewa, ko "yayar su Mus'ab". Da Mus'ab da Lujain, ƙannenta, kokawa yake yi a kan kafet, yana kwaikwayon muryoyin 'yan wasa suna birgima. Ihsan na shigowa sai ya gyara zama, ya naɗe dariyar kamar tabarma. A can gida kowa ya san alkunyar ɗan fari ce, kuma an san wanda ake ɓoye wa so shi ya fi kowa samunsa. Amma Ihsan a Jidda ta taso. Tana ganin iyayen ƙawayenta a ƙofar makaranta suna sumbatar goshinsu, suna "ya binti, ya habibti". Maƙwabta Larabawa kuma suka ƙara mata gishiri, don Abu Mus'ab suke kiran ubanta, kamar ita ba ta zo duniya ba. Mastura ta sha yi mata bayani. Sai ta ce, "Na fahimta, Ummi," ta shige ɗaki.

Shekaru suka ja. Dish ya zo ya rage masa ciniki, faifai ya zo, daga baya waya ta haɗiye komai. Daga ƙarshe ya rufe shagon. Ya raba kaset ɗin na kowa ga masu sha'awa, na can sama ya kai su inda ake ƙona shara da kansa, ya ce ba zai bar su su faɗa ɗakin da bai sani ba. Ya dawo Bab Makka muka koma kan yadi, gemu ya yi fari. In rana ta yi sanyi yakan tuna layin Alhamis, ya ce, "Ya zol, da mutum ya zo neman dariya sai ya yi sallama. Yanzu kowa na dariya shi kaɗai da tafin hannunsa."

Ana nan aka buɗe gidajen silima a ƙasar. Ihsan ta haura talatin, tana aiki a kantin magani, aka sa ranar aurenta da wani mai aiki a Dammam. Ana saura kwanaki kaɗan ta ce wa uwarta, "In na tafi, don ke kaɗai zan riƙa zuwa. Abuya ba zai ma lura ba na nan." Mastura ta kasa riƙewa, ta gaya wa mijinta. Ya ajiye cokali, bai ƙara loma ba.

A cikin makon nan Ihsan ta zo ta tsaya gabansa, abin da ba ta saba ba, ta miƙa masa wayarta.

"Abuya, ranar Alhamis, ni da kai, silima. Fim na dariya. Na yanki tikiti, halas."

Ya duba hoton. A gefe ga lamba, sha takwas.

"Wannan fa?" ya tambaya, yana kallon wayar, ba ita ba.

"Ya'ni sai wanda ya kai sha takwas. Ni na wuce. Kai ma ina jin ka wuce."

Da safe ya zo shago fuska a yamutse, ya ba ni labari. Ya ce, "Bello, rufe. Ban taɓa ba mutum abin da ban kalla ba, ba zan fara da kaina ba."

Ranar Talata bayan la'asar muka tafi, tsofaffi biyu a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, kowa ya riƙe gefe kamar mai tsallaka kogi. Mai sayar da tikiti wata mata ce mai fara'a, sunanta Sharifa a rubuce a ƙirjin rigarta. Nasir ya nuna lambar ya tambaye ta da Larabci wa ke sa ta.

Ta ce kafin fim ya iso wurinsu akwai mutanen hukuma da ke zama su kalle shi daga farko har ƙarshe. Suna duba zagi, da maganar manya, da jini, da kayan maye, su ga yawansu da yadda aka kawo su. Abin da ya wuce gona da iri a cire, sauran a auna a ba shi lamba, wani na kowa, wani sha biyu, wani sha biyar, wani sha takwas. Su kuma nasu a ƙofa, in sun ga mai ƙaramar fuska su ce ya nuna kati ko iƙama.

"Suna tambayar wa zai zauna kusa da wa?" in ji Nasir.

Ta yi dariya. "Ya ammi, kowa shi ke zaɓar kujerarsa."

Ya sunkuyo kunnena ya ce da Hausa, "Ka ji, ni ma na zama ammi. Ba ta faɗi na jini ko na aure ba."

Muna shiga ya ce min ai mutanen hukumar suna da gaskiya. Shi unguwa ɗaya ya riƙe, ya san uban kowa da surukin kowa. Su gari guda ke zuwa musu, ba su san kowa ba, dole su kama abin da ke rubuce a kati.

Fim ɗin ya yi daɗi, ba ƙarya. Ya yi dariya har da hawaye, yana dukan hannun kujera tunda babu bango kusa. Amma muna fitowa fuskarsa ta koma yadda take da safe.

"Na taubasai ne, Bello. Wuri biyu ma na can sama ne."

Na ce ya ce mata ba shi da lafiya, ko ya nemi a sauya wani fim.

"In na ce ciwo, ta san ƙarya ne, a kantin magani take aiki. In na ce a sauya, za ta ce ita nake gudu. Sau ɗaya yarinyar nan ta taɓa roƙona abu." Sannan ya ce, "In na je na zauna kamar gunki, gara ban je ba. In kuma na yi dariya a kan irin maganar nan a gabanta, da wane ido zan kai ta ɗakin miji?"

Mastura ce ta yanke masa. Ta ce, "Ka je, malam. In ƙasa ta tsage ka shige, ni zan zo in tono ka."

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji washegari, daga baya Ihsan ta cike min guraben.

Ranar Alhamis ya sa farar jallabiyarsa ta Sudan, ya naɗa rawani kamar mai zuwa idi. Ihsan ce ke tuƙi. Ya buɗe ƙofar baya zai shiga, ta ce, "Abuya, ba tasi ba ce." Ya zagayo ya zauna gaba, yana kallon titi har suka isa.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da aka kashe fitilu sai ya lura da abin da bai kula da shi ba ranar Talata, don a ranar ba ya jin nauyin wanda ke gefensa. Duhu ne, ba ya ganin fuskarta, ba ta ganin tasa. A falon gida fitila a kunne ake kallo, kowa na satar kallon kowa. Nan kuwa kunyar da ke zaune a ido ta rasa wurin zama. Barkwanci na farko ya danne. Na biyu ya ciji leɓe. Na uku ya ƙwace masa, dariyar ta fito gaba ɗayanta, irin ta Bab Makka. Sai ya ji kafaɗar da ke jikin tasa tana rawa, Ihsan na dariya, kuma ya gane ba fim ɗin ke ba ta dariya ba.

Can ya ga an doshi wurin nan na farko. Ya san shi, mai wasan zai shigo ɗaki ya rufe ƙofa, daga nan baki zai ɓaci. Ya fara tattara jallabiya zai ce zai zaga bayi, sai Ihsan ta riga shi miƙewa.

"Abuya, bari in sayo gugguru."

Ba ta dawo ba sai da maganar ta wuce tsaf. Da aka doshi wuri na biyu, tun kafin ya motsa ta ɗaga wayar da ba ta yi ƙara ba, ta ce, "Dagiga, minti ɗaya, ana kira na," ta fita.

A mota, bayan sun hau titi, ya ce wa gilashin gaba, "Yaushe aka zo aka kalla?"

Ta ce, "Litinin."

"Ni Talata."

Dariya ta kama su har mai motar baya ya yi musu ham. Da ta lafa ya ce, "To me ya sa aka zaɓi wannan?"

"Na kalli wasu, Abuya. Masu tsabta ne, bas ba za su ba ka dariya ba." Hausar ta fara kuɓuce mata, tana kamowa. "Tun ina ƙarama ta bango nake jin dariyarka. Ina so in ji ta kusa, ko marra wahda, ko sau ɗaya, kafin in tafi."

Abin da ke bakin Nasir ba abin da uba ke faɗa wa 'yar fari ba ne, harshensa bai san hanyar ba. Sai ya bi ta inda ya iya, ya mayar da shi labari.

"Akwai wani mutum," ya ce, "a nan Bani Malik. Ranar da aka haifa masa 'ya ta fari, surukai sun cika asibiti, ba dama ya nuna komai. Sai ya fita, ya kama tafiya da ƙafa, bai tsaya ba sai bakin teku. A can ya yi kukansa, ya yi dariyarsa, masu kamun kifi na cewa ya taɓu. Yarinyar in ta kawo sakamakon makaranta, a gabanta ba ya ko ɗaga ido. Da safe sai ya sa a aljihu ya kai Bab Makka, ya ishi abokinsa da nuni har abokin ya ce ya haddace. Ranar da ta fara aiki, ya je ya tsaya tsallaken titi yana kallon ta cikin farar riga, rana na dukansa, ya kasa shiga ya kasa tafiya."

Ihsan ta gangara gefen titi ta tsaya, don ba ta ganin hanya. Ta kifa kai a sitiyari. Shi kuma yana ta kallon wata bishiyar dabino ta taga kamar bai taɓa ganin dabino ba. Da ta ɗago ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Abuya, in ka ga mutumin nan, ka ce masa 'yarsa ta ji."

"Zan gaya masa," in ji shi. "Yalla, uwarku na jira."

Aka yi biki, ta tare a Dammam. Ba hutun da ya wuce ba ta zo ba, kuma a wayarsa take kira, ba sai ta bi ta kan Mastura ba. Har ya koma ga Allah bai kira sunanta ba, ita ma ba ta ƙara nema ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ita ta ajiye aiki ta zo ta zauna a kansa, ita ke ba shi magani a baki, a hannunta ya yi kalmar shahada. Muka sallace shi bayan azahar, har Salim ya zo da furfurarsa yana kuka kamar yaro. Allah ya yi wa Nasir rahama, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da kakannin da suka taso ba su iso ba.

Ranar da aka tashi zaman makoki Ihsan ta aiko a kira ni bakin ƙofar mata. Ta ce, "Ammi Bello, kai ne abokin nan na Bab Makka, ko?" Na ce ni ne. Ta ce to tana so in gaya mata duk abin da ya taɓa faɗa a kanta, kada in rage ko ɗaya. Na ce 'yata, ai wannan ba ya ƙarewa a tsaye. Shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko masallaci take kira na daga Dammam, ina ba ta kaɗan-kaɗan, wani mu yi dariya, wani mu yi shiru. Har yanzu ban kai shekarar da ta gama firamare ba.